Maganin ciwon damuwa da juna biyu: wa ta taɓa shiga wannan hali?

Mai cikin fari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina shan sertraline, miligiram 50 kullum, saboda ciwon damuwa. Jiya gwaji ya nuna ina da ciki. Tun safe ƙwayar ke tafin hannuna, na kasa haɗiyewa, na kasa ajiyewa. Don Allah wadda ta taɓa shiga wannan hali ta ba ni labari.

Maman biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki yanke shi da kanki, kuskuren da na yi ke nan a cikina na fari. Ranar da na ga sakamako na watsar da maganin. Kwana huɗu sai ga jiri, ga rashin barci, ga wani abu kamar lantarki yana tsarga min kai. Na ɗauka laulayi ne. Kafin wata na biyar ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Abinci ba ya shiga, na daina zuwa awo, sai in zauna bakin gado in yi ta kuka ban san dalili ba. Likita ta ce damuwar da aka bari ba magani ita ma tana taɓa ɗan cikin, tana iya jawo bakwaini ko jariri marar nauyi. Ta mayar da ni kan maganin, amma sai da na kusa mako shida kafin na dawo hayyacina.

Mai goyo: Ni paroxetine nake sha. Da muka fara neman haihuwa likita ya canza min, ya ce an danganta shi da ɗan ƙarin haɗarin matsalar zuciyar jariri a watanni ukun farko. Ba duka magungunan ne ɗaya ba.

Yayarku: Na sha sertraline har ranar naƙuda. Ba zan ɓoye miki ba, jaririyata ta yi 'yar karkarwa da yawan kuka, kama nono ma sai da lallashi. Hankalina ya tashi sosai. Amma tun a awo na sanar da ungozoma, don haka suka sa mata ido, cikin kwana uku ta lafa. Na shayar da ita ina kan maganin, domin kaɗan ne ƙwarai ke shiga ruwan nono.

Mai cikin fari: Allah ya saka muku da alheri. Na sha ta yau. Gobe da safe ni da maigidan za mu ga likita, da kwalin maganin a jakata.