Wai ana canza wa laftof katin girafik ko dai zancen 'yan kasuwa ne?

Ɗan'auta: Salam jama'a, dan Allah a taimaka. Wani mai shago ne ya ce min in sayi laftof ɗin da kuɗina suka kai yanzu, in na samu kuɗi daga baya sai a cire girafik ɗin, wato sashen da ke sarrafa hoto, a sa min babba kamar yadda ake ƙara ram. Ni kuma don Lumion da AutoCAD nake nema, ɗalibin zanen gine-gine ne. Gaskiya ya faɗa ko so yake kawai ya sayar?

Injiniya: So yake ya sayar. Ba a canza girafik a laftof, shi ke nan. Liƙe yake a jikin bod da dalma, ɗaruruwan 'yan ƙwallaye ne a ƙarƙashinsa, kuma ram ɗinsa ma a gefensa aka liƙa. A wasu ma babu wani kati kwata-kwata, yana cikin firosesa ne, irin su Intel UHD da Iris. Me za ka cire?

Mai-gyara: Injiniya sassauta, kar ka yanke hukunci haka. Ka ce mafi yawa ba a canzawa in yarda da kai, amma ka ce duka, a'a. Akwai abin da ake kira MXM, NVIDIA ce ta fito da shi a 2004, kati ne guda mai zaman kansa da ake zurawa a rami a ɗaure da sukuru biyu. Dell Precision M4800 da M6800 suna da shi, HP EliteBook 8570w da 8770w suna da shi, ZBook na farko-farko, tsofaffin Alienware manya, da Clevo. Irin waɗannan sun cika kasuwar na-hannu, ka je Beirut Road a Kano ko ka sa a auno maka daga kasuwar Computer Village ta Legas za ka same su.

Injiniya: Malam ai duk waɗanda ka lissafo tsofaffi ne, M4800 fa na 2013 ne. Kuma na rantse wanda mai shagon nan ya nuna wa yaron ba ya cikinsu.

Mai-gyara: Wannan kuma wata magana ce daban. Ni dai kalmar ba-a-canzawa ɗin ce ban yarda da ita ba don da hannuna na canza.

Ɗan'auta: Toh Malam kenan in nemi M4800 ɗin kawai in sa masa RTX, irin sababbin katinan NVIDIA?

Mai-gyara: Kai ɗan nan yi a hankali hhh. Zauna ka ji. Shiga ramin shi ne mafi ƙanƙantar matsala, kuma ko shi ɗin ba kowane kati ne ke shiga ba. MXM 3.0 iri biyu ne, A da B, faɗinsu ɗaya milimita 82 amma A tsawonsa 70 shi kuma B 105, M4800 A yake ɗauka, manyan katinan gem irin GTX 980M kuma B ne, sai dai M6800. To ka samu wanda ya shiga, sai maganar ƙarfen da ke janye zafi, wanda muke ce wa hitsink, an ƙera shi ne daidai inda kayan katin asali suke, sabon katin kuma an jera kayansa daban, sai ka ga wani ɗan ƙullutu ya tokare ƙarfen ya hana shi kwanciya a kan cip ɗin, ko ramukan sukuru ba su hau ba, mu kan goge tagullar da zarto mu ƙara fad mai kauri, in kuma ba ka lura ba ka ɗaure da ƙarfi ka fasa cip ɗin, kuɗinka sun tafi.

Ummi: Tab, tun daga nan ma ni na gaji.

Mai-gyara: Ai ba a fara ba Hajiya. Sai wuta. Quadro K2100M da ke zuwa da M4800 wajen wat 55 yake ja, 980M kuwa ya kai wajen 100. Cajar M4800 wat 180 ce, ta M6800 240, kuma injinan nan suna gane cajar da aka sa musu, in ta yi ƙaranci ko jabu ce sai su rage gudu da kansu, ka sa kati mai tsada yana tafiya kamar tsohon. Mutanenmu kuma rabin cajojin da ke hannunsu ba na asali ba ne. Ga zafin watan Afrilu a ɗakin da babu ko fanka.

Injiniya: Yauwa ci gaba Malam, kai da kanka kake kawo min hujja.

Mai-gyara: Hujjar wahala nake kawowa, ban kawo ta rashin yiwuwa ba. Abin da ya fi cin mutane shi ne sikirin. Tsofaffin laftof da yawa sikirin ɗinsu ta tsohuwar hanyar haɗi mai suna LVDS yake karɓar hoto, katinan NVIDIA kuma daga jerin GTX 10 na 2016 sun daina fitar da hoto ta LVDS, sai ta sabuwar hanya mai suna eDP. In injinka girafik ɗin Intel ne ke riƙe da sikirin shi kuma babban katin yana aiki ta bayansa, wato Optimus, kana iya tsira. In kuwa sikirin ɗin kai tsaye yake haɗe da katin to za ka kunna fanka ta tashi fitila ta kama amma fuska baƙi ƙirin. An taɓa kawo min irin haka, mutum ya yi odar kati daga waje ya jira makonni, katin lafiyarsa ƙalau, injin lafiyarsa ƙalau, amma ba sa jituwa, a talabijin ta HDMI kawai yake nunawa.

Ɗan Gem: Ni fa duk wannan dogon turancin bai dame ni ba, na ƙara girafik ɗina daga 128MB zuwa 2GB ba tare da na kwance ko sukuru ɗaya ba, a rajistirin Windows ake yi, inda take ajiye saitunanta, bidiyon na nan a YouTube birjik.

Injiniya: Innalillahi. Kai lambar da ake nuna maka kawai ka canza. Girafik ɗin Intel ba shi da ram nasa, daga ram ɗin kwamfutar yake ara, kuma dama yana ara gwargwadon buƙata ko ka taɓa rajistiri ko ba ka taɓa ba. Dabarar nan amfaninta ɗaya, ta yaudari gem ɗin da ke ƙin buɗewa in ya ga lambar ta yi kaɗan. Ƙarfin cip ɗin bai ƙaru da komai ba.

Ɗan Gem: Amma wlh gem ɗina na ƙwallo, PES, ya daina kakkamewa.

Injiniya: Ka ƙara ram a lokacin?

Ɗan Gem: Eh na sa wani 8GB a ɗaya ramin.

Injiniya: To shi ne ya yi aikin. Sandar ram biyu suna buɗe hanya biyu, girafik ɗin cikin firosesa kuma da faɗin hanyar nan yake rayuwa. Kuma da wannan ake cutar mutane a shago, a buɗe maka Task Manager a nuna maka 8GB a ce girafik ne, alhali na aro ne. Ɗan'auta ka duba inda aka rubuta Dedicated, shi ne na gaske.

Mai-gyara: A nan kam muna tare. Bari in ƙarasa nawa, saura BIOS, wato 'yar manhajar da ke tayar da na'ura, da direba, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita. Kowane kati yana da ɗan BIOS nasa, wanda aka ciro daga Clevo ba lallai ya tashi a Dell ba sai an sake rubuta masa wanda ya dace, wasu katinan HP ma ba su da cip ɗin BIOS a jikinsu sam don nasu a cikin na uwar bod aka ajiye shi, ka sa shi a wani injin shiru kake ji. In ka wuce nan ka shiga Windows sai direban NVIDIA ya ce bai ga kayan da ya sani ba, saboda yana haɗa lambar katin da lambar laftof ɗin ne, kamfani kuma bai taɓa sayar da wannan haɗin ba, sai ka gyara fayil ɗin INF na direban da hannu ka kashe tantance sa hannun direba, ko ka yi da manhajar NVCleanstall, kuma duk sabon direba sai ka maimaita.

Ummi: Ni ban gane dalilin wannan azabar ba alhali ga eGPU, wato girafik na waje. Ni editin nake yi, laftof ɗina siriri ne, na sayi akwati na sa katin destof a ciki na jona da waya ɗaya ta Thunderbolt, in zan fita in zare in tafi.

Injiniya: Wannan ba canzawa ba ne, ƙari ne daga waje, maganata na nan.

Ummi: Yaya Injiniya kai dai ba ka son a ce ka faɗi. Yaron aiki yake so ya yi, ina ruwansa da ciki ko waje.

Injiniya: To ki faɗa masa sauran mana. Ba kowane ramin USB-C ne Thunderbolt ba, sai mai alamar walƙiya ko USB4 da ke ɗauke da PCIe, wato hanyar da kati ke magana da firosesa, kuma masu arha ba su da shi. Thunderbolt 3 layi huɗu na PCIe yake bayarwa, ramin destof sha shida, in kuma a sikirin ɗin laftof ɗin kake kallo hoton sai ya dawo ta wayar nan dai, asarar ta ƙaru. MacBook masu M1 zuwa sama ba sa karɓa gaba ɗaya. Sannan akwatin ba shi da batir, ana ɗauke wuta tsakiyar rendarin aikin ya mutu, amfanin laftof a ƙasar nan ai batir ɗin ne.

Ummi: Maganar wuta gsky ce, ni a kan inbata nake. Kuma kuɗin akwatin kaɗai ba wasa ba ne kafin a zo kan kati.

Ɗan Gem: Akwai mai arha ai, wata adafta mai suna EXP GDC, ka cire katin wayarles ka jona a raminsa.

Mai-gyara: Akwai, amma layi ɗaya tak ne a ramin, kamar ka ɗaura injin tirela a Keke Napep ne. Ka rasa wayarles, murfin ƙasa a buɗe, sai ka nemo fawa saflai na destof. Tsofaffin ThinkPad ma in ka sa abin da ba ya cikin jerin da BIOS ya amince da shi a ramin nan sai su tsaya a kuskure 1802, wasu kuma Windows ya ba ka Code 12 ko Code 43. Wanda ake jonawa ta ramin M.2 ko wayar OCuLink ya fi shi nesa ba kusa ba don layi huɗu ne, amma ramin SSD ɗinka zai cinye in ba biyu gare ka ba.

Injiniya: Kuma don kar a ce ƙananan 'yan kasuwa ne kawai ke wannan alkawarin, Alienware Area-51m da ya fito a 2019 da sunan za a iya ɗaga shi aka tallata shi, da katin Dell na kansu mai suna DGFF. Shekara ta zagayo aka fito da R2, sababbin katinan ba na masu na farkon ba ne, har kotu aka je a Kalifoniya a 2021. In wanda ya biya dubban daloli bai samu ba, kai da mai shago ya yi wa alkawarin baki fa?

Mai-gyara: Amma Framework Laptop 16 fa? Girafik ɗinsa a baya ake zaro shi, ya fito da Radeon RX 7700S, a 2025 suka kawo na RTX 5070 da ke shiga na farkon.

Injiniya: Ka taɓa ganin ko ɗaya a kasuwar Farm Centre ta Kano?

Mai-gyara: Ban gani ba, amma ka ce ba a yi, ga shi ana yi.

Ummi: Ku biyun nan sai ku kwana a nan. Ɗan'auta wai wane laftof ne ma aka nuna maka?

Ɗan'auta: Siriri ne Anti, Core i5 ƙarni na takwas, an rubuta Intel UHD 620.

Mai-gyara: Ayya. Wannan babu MXM babu komai, a cikin firosesa yake, ram da SSD kawai za ka iya taɓawa, kuma Lumion ba zai yi maka aikin kirki a kai ba. Ko M4800 ɗin ma ban ce ka saya ba, firosesansa ƙarni na huɗu ne, Windows 11 daga na takwas ta fara karɓa a hukumance, Windows 10 kuma an daina tallafa mata tun Oktoban 2025. Ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi mai GTX 1650 ko RTX 3050 tun daga farko, ko in zama ɗaya kake aiki ka haɗa destof.

Injiniya: Alhamdulillah, Malam ya dawo hanya.

Mai-gyara: Ban dawo ko'ina ba, nasa ne ba a canzawa. Ɗan'auta in ka koma shagon ka ce ya rubuta maka a rasit wane kati zai sa maka da kuɗinsa, sai ka turo mana amsar da ya ba ka.