Ina so in ƙarasa sakandare daga gida, a ba ni shawara

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina aji biyar aka yi min aure, yau shekara tara kenan, yanzu maigida ya amince in ƙarasa amma ga goyo ga girki ga garinmu da nisa da Ringim ba zan iya komawa aji ba, shin akwai yadda zan yi karatun ta waya in samu takarda?

Malamin firamare: Wa'alaikumussalam. Karatu kam za ki iya a gida, amma takarda sai kin zauna jarabawa da kanki. Ki yi rajistar NECO ta 'yan waje, wato ta waɗanda ba sa makaranta, da ake yi wajen Nuwamba zuwa Disamba, ko GCE ta WAEC. Kiredit 5 ake nema har da Turanci da Lissafi. Ki tanadi lambar NIN tun yanzu.

Ɗan Kazaure: Yaya don Allah ki kiyayi masu cewa turo kuɗi mu turo miki satifiket, ƙarya ce wallahi. Ƙanina wani mai kafe, wato shagon intanet da ake rajista, ya karɓe masa kuɗin riɗin da ya sayar, sai ana saura kwana uku jarabawa muka gane ko sunansa bai shigar ba. Kar ki bar wurin rajistar sai takardar rajista mai hotonki tana hannunki.

Anti Tela: Ni haka na yi ƙanwata. Littafin tsofaffin tambayoyi na saya, bayan isha'i in yara sun yi barci in kunna tocila in zauna bakin tabarma, darasin bidiyo kuma ranar kasuwa nake saukewa inda sabis ke da ƙarfi in dawo gida in ta maimaitawa. Ki ɗauki Hausa da IRS (darasin addinin Musulunci) da Gwamnati da Ekonomiks, kimiyya tana wahala babu ɗakin gwaji. Lissafi ya kayar da ni karon farko na sake, makarantu da yawa suna karɓar sakamako biyu a haɗe. In kina ɗinki ma ki duba NABTEB, jarabawar fannin sana'o'i da kasuwanci.

Malamin firamare: In kin yi nisa a Larabci ki tambayi malaman islamiyyarku kan NBAIS, jarabawar fannin Larabci da addinin Musulunci.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Lissafin nan shi ne tsorona Malam.

Malamin firamare: Nemo littafin aji huɗu ki faro daga can, inda ya shige miki duhu ɗauko hotonsa ki turo.