Dodon Gadoufaoua, rigimar da ta tashi daga fada

Ɗan Birni: Wallahi jiya raina ya ɓaci a fada. Ana zuba shayi na biyu na ce a Gadoufaoua can cikin Tenere an tono ƙasusuwan wani dodo, Sarcosuchus, kansa kaɗai ya kai mita ɗaya da rabi, haƙora sama da 100, sai kowa ya kwashe da dariya wai kallon fim ya yi min yawa. Abu a ƙasarmu Nijar fa, masanan Faransa suka raɗa masa suna tun 1966, Paul Sereno, wani masanin Amurka, ya zo a 2000 ya tono wasu aka tafi da su Shikago, mu ko labarinsa ba mu da shi. Ba abin kunya ba ne wannan?

Na Zango: To ai kai ka jawo. Ka ce dodo, wa zai yarda? Kada ne, ka ce kada.

Ɗan Birni: Abin da ya fi mita 9 tsawo, in ba dodo ba mene ne don Allah

Malamin lakkol: Ku yi haƙuri, shi ma a ce kada ba daidai ba ne sosai, ɗan uwan kada ne na nesa, ya rayu shekara wajen miliyan 110 da suka wuce lokacin da wurin nan duk koguna ne ba rairayi ba.

Hajiyar Sabon Gari: Dodo dai na tatsuniya ne, wanda kakata take tsorata mu da shi in mun ƙi barci, kar ku haɗa shi da ƙashin da ake taɓawa da hannu.

Na Zango: Yawwa Hajiya, gaya masa.

Baban Garin Malam: Malam, miliyan 110 ɗin wa ya ƙirga? Kana wurin?

Malamin lakkol: Baba daga duwatsun da ƙashin yake ciki ake aunawa

Baban Garin Malam: Yaro ka iya bakinka, na haifi kamarka.

Ba'agadashe: Kuma ku daina cewa namu namu, Gadoufaoua jihar Agadas take, ba Damagaram ba.

Ɗan Birni: Na ce Damagaram? Ƙasarmu na ce! Kullum sai kun kawo wannan, ko ranar maganar kilishi haka ka yi.

Ba'agadashe: Ranar ma ni ke da gaskiya

Admin: Ya isa haka, na karanta duka. Ɗan Birni ya kawo magana mai amfani aka taru aka danne shi kan kalma ɗaya, kuma in za a faɗi gaskiya dabba mai kai kamar tsayin mutum dodo ce ko a gaban wa, ni da na shiga gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai na tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan nan sai da tsigar jikina ta tashi. Masu cewa kada ba su kawo komai ba. Ba'agadashe kai kuma gargaɗi na biyu ke nan.