Neman kalma: me za mu kira "koebolushan" da Hausa?

Jama'a, a taimaka. Ina shirya wa ɗalibaina darasi a nan Kaduna, sai na maƙale a kan kalmar nan, wato yadda al'ada da ƙwayoyin gado ke sauya juna.

Misalina madara. Jariri na da sinadarin laktes a hanji mai narkar da sukarin nono, amma ga yawancin mutanen duniya yana ja baya bayan yaye. Al'ummomin da suka daɗe da kiwo, irin su Fulani da Masai da mutanen arewacin Turai, da yawansu nasu bai daina aiki har tsufa. Kiwon ne ya riga wannan sauyi na ƙwayoyin gado, don an fara mallakar shanu wajen shekara 10,000 da suka wuce. Wanda cikinsa ya karɓi madara shi ya fi tsira da barin baya. A 2007 binciken masaniyar ƙwayoyin gado Sarah Tishkoff ya nuna makiyayan gabashin Afirka nasu sauyin daban ne da na Turawa. Ni kuwa kofi ɗaya na ɗanyar madara a Kawo, cikina ya yi ta ƙugi har magariba. Kindirmo bai min haka, tsami ya cinye wani kaso na sukarin.

Abokin aikina ya kawo "juyin halitta tare". Ban karɓa ba. Juyi na tuna wa mutum juyin mulki, abin dare ɗaya, wannan kuwa dubban shekaru ne. Kuma da ka ce halitta a aji, darasi ya tashi, an koma muhawara.

Wata Hajiya ta ce, "Malam, ai mu cewa muke a jini yake." Gaskiyarki, Hajiya, amma ya yi yawa. Ɗan Bafulatanin da aka raina a Ibadan da Yarbanci zai tashi. Iya koyon harshe ne aka gada, Fulatancin koyonsa ake.

Baba mai gadinmu ne ya warware min, yana alwala ya jefo: "Ai zancen ɗan na gada da ɗan na koya kuke." Gado da koyo ke nan. Saura kalmar da za ta nuna kowa na taɓa ɗan'uwansa, kamar yadda jayayya da tarayya suke. Sai na ƙera sauyayya.

Sauyayyar gado da koyo. Na san 'yan bayan aji za su karanta ta "soyayya" su yi ta dariya. In akwai mai wadda ta fi, ya kawo kafin Litinin.