An cire sunana daga darussana ana sayar wa ɗalibai: in rufe ko in ci gaba da saki?

Malamin Kwamfuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema.

Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare kusa da Funtuwa. Shekara uku ke nan da na fara rubuta darussana da Hausa, saboda na gaji da ganin yara suna haddace ma'anar abu da Turanci alhali ba su san me suke faɗa ba. Na rubuta yadda ake adana fayil, yadda ake samun ƙ da ɗ da ɓ a waya, da yadda ake gane saƙon 'yan damfara masu neman lambar BVN. Da dare nake yi, in an kawo wuta. Da ya kai shafi 64 na mayar da shi PDF, na riƙa tura wa ɗalibai ta WhatsApp, ban karɓi ko sisi ba.

Makon jiya wata ɗalibata ta kawo min wayar yayanta. Ga littafina an sauya masa bango, an goge sunana, wani ya sa nasa, yana sayarwa naira 1,500 a wani zaure na Telegram. Har kuskuren da na yi a shafi na 12 yana nan, bai ma gyara ba. Yayan nata ya riga ya biya. Wannan ne ya fi ƙona min rai: yaron da na rubuta abin dominsa shi aka karɓi kuɗinsa.

Yanzu kashi na biyu ya kusa kammala. In daina sakin PDF, in koma bugawa a takarda? Ko akwai hanyar da zan saki abu ya zama na kowa ba tare da an kwashe min suna ba?

Ɗalibin Lauya:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba da haƙuri. Abu na farko, bayarwa kyauta da ka yi bai sa haƙƙinka ya faɗi ba. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, haƙƙi yana tabbata ne da zarar ka rubuta abin, ko ba ka yi rajista ba. Rubutu irin naka yana da kariya tsawon rayuwarka da shekara 70 bayan rasuwa. Kuma dokar ta ba ka haƙƙin a ambace ka a matsayin marubuci, daban da zancen kuɗi.

Ka adana ainihin fayil ɗin da saƙonnin farko da ka tura wa ɗalibai, domin kwanan watan da ke jikinsu hujja ce. Ka ɗauki hoton tallar tasa kafin ya goge. Daga nan ka rubuta masa cikin mutunci ya sauke. In ya ƙi, ka kai ƙara wa Telegram, sannan akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

Mai Alƙalami:

Malam, wallahi na san zafin nan. Ni marubuciya ce, a waya nake sakin labaraina, masu karatu su biya in sa su a zaure. Da kuɗin nake biyan kuɗin makarantar yarana biyu. Akwai littafin da na yi wata bakwai ina rubutawa, ranar da na saki babin ƙarshe, kafin la'asar an haɗa shi dunƙule ana rabawa. Wata ma har ta turo min shi tana tambaya ko na taɓa karantawa.

Don haka in na ji ana cewa ilimi na kowa ne, sai in ce to, amma data da cajin waya da barcin da na rasa fa, na wa ne? Ban hana ka saki ba, kai albashi kake ɗauka, niyyarka daban. Roƙona kawai, kada masu son a saki komai kyauta su mayar da mu masu neman haƙƙinmu kamar marowata. Kuma ka sa sunanka a ƙasan kowane shafi, ba a bango kaɗai ba. Ɓarawon rubutu malalaci ne, bango kawai yake iya sauyawa.

Mai Gyaran Wikipedia:

Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma babu mai ikon sakin gumin wani. Zaɓi na mai rubutu ne. Amma Malam ya riga ya zaɓi bayarwa, abin da ya rage shi ne ya faɗi sharaɗinsa a fili.

Malam, abin da kake nema shi ne lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a 2002. Ba ka sallama haƙƙinka ba, izini ne kake bayarwa tun kafin a tambaya. Alamar BY tana nufin duk wanda ya ɗauka dole ya ambaci sunanka. SA tana nufin in ya gyara ko ya ƙara, shi ma ya saki nasa da irin wannan sharaɗi. NC tana hana kasuwanci da shi. Jami'ar MIT ta Amurka da BY-NC-SA take sakin darussanta, Wikipedia kuwa BY-SA ce.

Na san zuciyarka za ta tafi ga NC saboda abin da ya faru, amma ka tsaya ka yi tunani. Rubutun da ke da NC ba ya shiga Wikipedia ta Hausa, kuma bayanin kwamfuta da harshenmu yana cikin abin da muka fi ƙaranci. Sannan ka tuna mai shagon fotokwafi a ƙauyen da yara ba su da waya. In ya buga kwafi talatin ya ɗora ribarsa, ya yi kasuwanci, alhali shi ne ya kai littafin inda kai ba za ka kai ba. Shi kuwa na Telegram ko lasisi mafi sauƙi ya karya, tunda ya goge sunanka.

Lasisi ba ya kama ɓarawo. Abin da ke kashe masa kasuwa shi ne kowa ya san inda na kyauta yake. Ka rubuta a shafin farko da manyan baƙaƙe cewa kyauta ne, ga inda ake samunsa.

Malamin Kwamfuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki hotunan, na kuma tura wa mutumin saƙo jiya, bai amsa ba tukuna. Hajiya, sunana zai hau kowane shafi in sha Allah.

Zancen mai fotokwafi ya tsaya min a rai, domin fiye da rabin ajina a takarda suke karatu, kuma ban taɓa jin haushin mai shagon bakin makarantarmu ba. Zan sa BY-SA. Sai dai akwai hotuna guda tara a kashi na biyu da na kwaso daga intanet ban san masu su ba. In cire su in ɗauki nawa da waya, ko akwai inda zan samu waɗanda aka halatta?