Dakatar da Kimmel: ABC ce ta ga dama, ko tsorata ta aka yi?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakana. Dakatar da Jimmy Kimmel, mai gabatar da shirin barkwanci na dare, da gidan talabijin na ABC ya yi ranar 17 ga Satumban 2025 ba tauye 'yancin magana ba ne. Tsarin mulkin Amurka gwamnati ya hana ta toshe bakin mutum, bai hana kamfani ladabtar da ma'aikacinsa ba. Ana tsaka da makokin Charlie Kirk, ɗan gwagwarmaya mai goyon bayan Trump da aka harbe, ka fito kana cewa mutanen Trump na ta fafutukar nuna makashin ba nasu ba ne? Shi ya jawo wa kansa.

Hajiya Rabi: Malam, ka tsallake wani wuri. A ranar, kafin ABC ta motsa, Brendan Carr, shugaban FCC, hukumar kula da sadarwa ta Amurka, ya ce a kan batun Kimmel ko a bi ta lalama ko a bi ta tsiya. FCC ce ke ba tashoshi lasisi. Wanda lasisinka ke hannunsa ya faɗa maka haka, shawara ce? Kuma Nexstar, mai tashoshin da ke watsa shirye-shiryen ABC, da ta yi saurin cire shirin daga tashoshinta, a lokacin amincewar FCC take jira ta sayi kamfanin tashoshi na Tegna kan dala biliyan 6.2.

Auwal: Anti, a bar batun lasisi tukuna. Ni ina kallonsu a YouTube kowace safiya ina shan shayi. Kimmel da takwarorinsa Stephen Colbert da Seth Meyers, duk wuƙarsu wuya ɗaya take yanka. Wannan barkwanci ne ko kamfen?

Hajiya Rabi: Son kai akwai shi, ban musa ba. Maganinsa rimot, Auwal. Ka koma Fox, Greg Gutfeld na can yana yanka ɗaya wuyan, da ɗimbin masu kallo. Ba wanda ya ce a rufe shi.

Malam Sani: To Colbert fa? Tashar CBS ta ce soke shirinsa matsalar kuɗi ce zalla. Talla ta ja baya, matasa sun bar talabijin.

Hajiya Rabi: Mai yiwuwa. Amma Paramount, mai CBS, ta biya dala miliyan 16 don sasantawa da Trump, Colbert ya kira kuɗin cin hanci a shirinsa, bayan kwana uku aka ce shirin zai tsaya a Mayun 2026. Mako ɗaya bayan nan FCC ta amince da haɗewar Paramount da kamfanin Skydance. Biri ya yi kama da mutum.

Auwal: Ni abin da ya ba ni mamaki Sanata Ted Cruz ne. Ɗan Rifablikan, ba ya ƙaunar Kimmel ko kaɗan, amma ya ce maganar Carr irin ta 'yan mafiya ce.

Malam Sani: Ai dai ranar 23 ga Satumbar ABC ta mayar da Kimmel. Kwana shida kacal. Ina danniyar?

Hajiya Rabi: Sai da mutane suka fara soke rajistar Disney+, ta kamfanin Disney mai ABC, tukuna. Malam, tsakani da Allah: da Biden ne a kan mulki, shugaban FCC ɗinsa ya yi wa Gutfeld wannan magana, haka za ka ce?

Malam Sani: An kira salla, Hajiya. Ina dawowa.