Koya wa yara ƙasashen duniya a tsakar gida

A hirar da iyaye mata masu koyar da 'ya'yansu a gida suka yi a Sakkwato, shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a fara da Nijar. Ga Illela a Najeriya, ga Birnin Konni a tsallaken iyaka. A miƙa wa yaro takardar sefa ya riƙe, ya gwada ta da naira, ya koyi gaisuwar Zabarmanci.

Wata ta ce ita da laka suke gina taswira, su ja layin kogin Rima har ya shiga kogin Sakkwato, ya gangara kogin Neja, sannan su zuba ruwa da buta. Yara ba sa mantawa, sai dai wanki ya ƙaru.

An ce ƙasa ɗaya a wata ta isa. Masar ta biyo baya, da gina dala irin ta fir'auna da kwali.